Idan mariƙiya ta kwanta ciwo a Legas, wa zai riƙe yaron?

A unguwannin Hausawa na Legas, daga Agege zuwa Idi-Araba, daga Mile 12 zuwa Alaba Rago, da wuya ka bi layi guda ka fita ba ka wuce gidan da ake riƙon ɗan wani ba. Wata 'yar ƙanwarta ce da ta rasu wurin haihuwa. Wani ɗan amininsa ne da hatsarin tirela ya rutsa da shi a hanyar kawo shanu. Wata kuma Allah bai ba ta haihuwa ba, aka ɗauko mata yarinya daga gida tun daga yaye. Da zuciya ɗaya muke wannan riƙo, amma da baki kawai muke ƙulla shi, babu takarda babu shaida, sai ka ce an yi mana alkawarin ba za mu taɓa kwanciya ba. Ni ma mariƙiya ce, kuma abin da nake gani shi ne: ranar da babban ciwo ya shigo irin wannan gida, ɗan riƙo ne na farko da ƙasa take zame wa, kuma waɗanda suke tare shi galibi 'yan'uwanmu mariƙa ne. Ya kamata mu daina ɗaukar wannan ƙawance a matsayin na biki da suna kawai, mu ɗora masa nauyin da zai iya ɗauka tun muna da lafiya.

A Arewa riƙo yana tafiya ne a tsakiyar dangi. Al'adarmu ce tun kaka da kakanni a kai ɗan fari wurin kaka bayan yaye, ko a ba goggon da ba ta haihu ba yarinya ta ɗebe mata kewa. Idan mariƙiya ta kwanta a Gumel ko Zariya, yaro ɗaki kawai zai sauya. Ga kaka, ga matar kawu, ga ma kishiya, tukunya ɗaya ake ci. Legas ba ta san wannan ba. Akwai tsofaffin gidajen Hausawa a Agege da suka kafu tun zamanin fataucin goro, tun jirgin ƙasa ya haɗa Legas da Kano a 1912, waɗannan suna da danginsu a nan har jikoki da tattaɓa-kunne. Amma yawancinmu ba haka muke ba. Ɗaki ɗaya ne ko ciki da falo a gidan haya, maigida ya fita kasuwa tun kafin gari ya waye, dangi kuma suna can kusan kilomita 1,000, sai an kwana a mota kafin a iso. Mun ɗauko al'adar riƙo mun kawo ta nan, mun baro gidan da yake tallafe da ita a can.

Shi ya sa mariƙa suke gane juna da wuri. A Islamiyyar matan aure ta Asabar da Lahadi nake ganin haka. Ana tashi, za ka ga wasu mata sun ɗan ja baya suna magana ƙasa-ƙasa, domin akwai zancen da mace ba za ta iya yi da wadda ba ta taɓa riƙo ba. Yaushe zan gaya mata ba ni na haife ta ba, kafin ta ji a bakin 'yan layi? Wane suna zan rubuta a takardar makaranta? Ta fara girma, ya za a yi da zamanta da samarin gidan, tunda ba a shayar da ita ba balle ta zama muharramarsu? Sai kuma abin da ya fi ci wa kowace mariƙiya rai: in ka tsawata wa yaro a ce don ba ke kika haifa ba, in kika sassauta a ce za ki lalata ɗan mutane. Akwai ma masu jefa miki magana a fuska, wai tsintacciyar mage ba ta mage. Wadda ta sha irin wannan ita ce za ta saurare ki ba tare da ta ce ki yi haƙuri kawai ba. Daga nan ake fara musayar lambar waya, a fara aika yara gidan juna, har a zama aminai.

Na ga amfanin wannan aminci da idona lokacin da wata ƙawarmu ta kamu da sankarar mama. Tana riƙon 'yar ƙanwarta da ta rasu, yarinyar tana firamare, mijinta kuma yana sayar da kayan gwari a Mile 12. Aka yi mata aiki a wani babban asibiti, aka shiga ba ta maganin nan da ake ƙarawa kamar ruwa, mai zubar da gashi da hana cin abinci. Yayarta ta zo daga gida ta yi jinya iya ƙarfinta, amma ita ma tana da miji da yara da gona, damina ta kama, dole ta koma. Ban ga laifinta ba ko kaɗan. Waɗanda suka rage su ne matan nan na bayan aji. Ɗaya ta ɗauki yarinyar ta haɗa da nata, tana kai ta makaranta tana yi mata kitso ranar Lahadi. Ɗaya mai sayar da abinci ta ɗauki nauyin kunun gyaɗa da farfesu, domin su kaɗai majinyaciyar take iya haɗiya. Masu kwana suka raba dare a tsakaninsu, tabarma a baranda, sauro da sanyin asuba. Da likita ya ce a kawo masu ba da jini, mazajen matan nan ne suka bar rumfunansu suka zo suka yi layi.

Wata rana wani kawun yarinyar ya zo dubiya. Bayan an gaisa an yi addu'a, sai ya dubi mijin ya ce, "Alhaji, ni a ganina yarinyar nan a mayar da ita gida haka nan, tunda mai riƙon nata ga halin da take ciki." Ba da mugunta ya faɗa ba, sauƙi yake nema wa kowa. Amma yarinyar tana bakin ƙofa riƙe da kular abinci, ta ji komai. Tun daga ranar ta daina tambayar jikin Mama, ta koma tambayar ko yaushe za a tafi da ita. Da dare ya yi majinyaciyar ta kama hannun babbar cikinmu ta ce, "Yaya, in ta Allah ta kasance, kada a cire ta daga makaranta. Ki riƙe min ita." Babbar ta ce, "In sha Allahu ke za ki aurar da ita da hannunki." Ta faɗi abin da ya dace a faɗa wa marar lafiya. Amma duk mun san cewa da ta rasu a wannan daren, maganar nan ba ta da ƙafar tsayawa a gaban dangi, balle a gaban hukuma. Alhamdulillahi tana nan da ranta, tana ci gaba da zuwa asibiti ana duba ta.

Nan ne nake da magana da malamanmu. Kowane mai wa'azi ya haddace hadisin da Annabi (SAW) ya haɗa yatsunsa biyu ya ce shi da mai riƙon maraya haka suke a Aljanna. Ana karanta shi a ji daɗi, a tashi. Abin da ba a cika ɗorawa a kai ba shi ne hukuncin da ke biye da riƙon. Musulunci ya hana a mayar da ɗan wani naka ta hanyar sauya masa nasaba. Aya ta 5 a Suratul Ahzab ta ce a kira su da sunan ubanninsu, kuma a kan haka aka daina kiran Zaidu ɗan Harisa da Zaidu ɗan Muhammadu. Saboda haka riƙo ba ya sa gado. Yarinyar da ta tashi a ɗakinki tun tana rarrafe, ta yi miki wanki ta yi miki jinya, ranar rabon gado tana iya tashi ba ta da ko cokali, in dai ba ta cikin magada ta wata hanyar.

Amma shari'ar da ta rufe wannan ƙofa ta buɗe wasu biyu. Ta farko wasiyya. Mutum yana da ikon yin wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiyarsa ba ga wanda ba magajinsa ba, kamar yadda ya zo a hadisin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, kuma ɗan riƙo yana cikin waɗanda suka fi cancanta da wannan sulusi. Ta biyu kyauta. Kana da lafiya kana iya ba yaro fili ko shago ko keken ɗinki ko kuɗin karatu, ba a ƙayyade maka sulusi ba. Sai dai a mazhabarmu ta Malikiyya kyauta ba ta cika sai an karɓe ta, an fitar da ita daga hannun mai bayarwa kafin ya rasu ko ya kwanta ciwon ajali. Wanda ya bari sai ciwo ya kayar da shi sannan ya yi kyautar, in ya rasu a wannan ciwon, hukuncinta ya koma na wasiyya, ba za ta wuce sulusi ba sai da yardar magada. Wannan hukunci shi ne ya kamata kowane mariƙi ya sani kafin komai, domin mu Hausawa sai mun ji jiki muke tuna rabon abin hannunmu. Ga kuma hadisin Abdullahi ɗan Umar da ke cewa bai kamata Musulmin da yake da abin yin wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa tana rubuce ba. Duk da haka in ka ce wa mutum ya rubuta, sai ya ɓata rai ya ce kana yi masa fatan mutuwa. Aminiya ce kaɗai za ta iya zaunar da ke ta ce, "Hajiya, gobe mu je wurin Malam a rubuta, ni ma zan rubuta tawa," ki ji ba ki ji haushi ba. Shaidu ma ga su nan a cikin mazajenmu.

Sai maganar takardar hukuma, wadda mutanenmu suke gudu kamar wuta. Najeriya ta yi dokar kare haƙƙin yara a 2003, jihar Legas ta yi tata a 2007. Ma'aikatar matasa da walwalar jama'a da ke Alausa a Ikeja ita ke kula da sha'anin riƙon yara, kotun iyali kuma ita ke ba da izini. Da yawa daga cikinmu suna zaton duk wanda ya je can ya je ne ya sauya wa yaro uba, abin da addini ya hana. Gaskiya ne akwai hanyar da doka take mayar da yaro tamkar ɗan cikinka har da gado, kuma Musulmi yana da dalilin kauce mata. Amma dokar ta tanadi wasu hanyoyin, na riƙo da na zama waliyyin yaro da izinin kotu, inda yaro zai ci gaba da amsa sunan mahaifinsa. Waɗannan ba su yi karo da abin da muka sani ba.

Me takardar za ta yi maka? Ranar da za a yi wa yaro tiyata, likita zai tambayi wanda yake da ikon sa hannu. Ranar yin lambar NIN ko fasfo za a tambayi alaƙarku. A hanyar Arewa kuma, tun bayan da aka gano yara tara da aka sace daga Kano a Anaca ta jihar Anambra a 2019, babu mai ganin laifin jami'in da ya tsayar da mota ya tambayi ɗan wane ne wannan, kuma hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane tana nan tana aikinta. Yanzu a ƙaddara mariƙiya tana gadon asibiti, ƙawarta ce za ta kai yaro gida hutu, ba ta da komai a hannu sai "wallahi amana aka ba ni". Ko takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya da wasiƙar yardar dangi mai sa hannun mai unguwa sun fi babu nesa ba kusa ba. Ina kuma roƙon gwamnatin Legas ta riƙa zuwa fadojin sarakunan Hausawa da masu fassara tana bayyana waɗannan hanyoyi, domin wanda bai ji Turanci ko Yarabanci ba, ba zai kai kansa Alausa ba sai an tabbatar masa ba ƙwace masa yaro za a yi ba.

Wani lokacin kuma yaron ne ke kwanciya. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu cutar sikila, ana ƙiyasta jarirai kimanin 150,000 ake haifa da ita duk shekara. Mace za ta karɓi jariri ba ta san rukunin jinin iyayensa ba, sai ya kai wata shida ko fiye hannu da ƙafa su fara kumbura, a shiga zaryar asibiti. A nan ne za ki ji masu ba da shawara: "Ki mayar musu da abinsu, me ya yi zafi?" Ban taɓa jin wata mariƙiya ta faɗa wa 'yar'uwarta haka ba. Ita cewa za ta yi ga cibiyar masu sikila can a Idi-Araba daura da asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH), mu je a ba ki shawara, ki riƙa ba shi ruwa da yawa, ki kiyaye shi daga sauro da sanyi. Kuma irin wannan ciwo yana nuna hikimar hana ɓoye nasaba. Likita zai tambayi tarihin ciwon dangi. In ta kai ga dashen ɓargo ko na ƙoda, 'yan'uwa na jini ake fara dubawa, kuma ko a tsakanin 'yan uwa ɗaya uba ɗaya, damar a dace sosai a dashen ɓargo kusan ɗaya ce cikin huɗu. Mariƙin da ya yanke hulɗa da dangin yaro don tsoron kada su karɓe shi, ya rufe wa yaron ƙofar da wata rana zai buƙata.

Duk wannan sai da kuɗi. Sama da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun marasa lafiya da danginsu yake fita. Mai wankin ƙoda sau biyu ko uku ake so ya yi a mako, mai ciwon daji kuma kowane zagayen magani da nasa kuɗin. Legas ta ƙaddamar da shirin inshorar lafiyarta a 2018, wanda ake kira Ilera Eko, gwamnatin tarayya kuma ta sa hannu a dokar da ta wajabta inshorar lafiya a 2022. Ba kowane babban ciwo irin waɗannan shirye-shirye suke ɗauka gaba ɗaya ba, amma suna rage na ganin likita da gwaji da ƙananan magunguna, kuma wajibi ne mariƙi ya tabbatar sunan ɗan riƙonsa ya shiga cikin na iyali. Mu kuma a tsakaninmu mun iya adashe. Muna zubi don anko, don kayan ɗaki, don gudunmawar suna. Me zai hana a ware wani asusu daban na jinya, ana zuba ɗan abin da ya sawwaƙa duk mako, a hannun mutum biyu amintattu da littafi? Wanda ya taɓa yawo da takardar asibiti a masallatai bayan sallar Juma'a ya san zafin da ke cikin hakan.

Na san akwai masu cewa ina so in fifita bare a kan dangi. Ba haka nake nufi ba, kuma shari'a ma ba za ta yarda ba. Haƙƙin renon yaro a Malikiyya yana bin ɓangaren uwa ne, daga uwa sai kakar wajen uwa, sai 'yan'uwan uwa mata, haka har a gangaro. Ƙawa ba ta cikin wannan jeri, komai kusancinta. Wannan ne ma dalilin da ya sa nake cewa a yi maganar da wuri. In mariƙiya tana son aminiyarta ta ci gaba da riƙon yaro har ya gama makarantarsa a Legas, to ta faɗa wa dangi tana tsaye da ƙafarta, lokacin da aka je gida Sallah, a zauna da kaka da kawunnai a amince, a rubuta. In dangi sun ce su za su karɓa, a san wane ne zai karɓa, a fara kai yaron hutu gidan ya saba. Abin da nake ƙi shi ne a yanke makomar yaro a barandar asibiti ko a zaman makoki, cikin gajiya da ruɗani, shi kuma yana laɓe yana ji. Kuma kada mu ruɗi kanmu, ƙawaye ma suna gajiya. Jinyar wata ɗaya daban, ta shekara daban. Na ga yadda masu zuwa dubiya suke raguwa bayan makonnin farko, har a bar mutum biyu da dukkan nauyin. Inda aka raba aiki tun farko, aka san mai abinci da mai kwana da mai kula da yara, an fi daɗewa ana yi.

Maza mariƙa su ne suka fi ba ni tausayi a wannan sha'ani. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, mu muna da inda muke sauke namu. Namiji kuwa zai riƙe ɗan ɗan'uwansa shekara da shekaru, ya biya makaranta ya yi masa kaciya ya koya masa kasuwa, amma ko abokin rumfarsa bai taɓa ji daga bakinsa cewa yana tsoron abin da zai faru da yaron in ya faɗi ba. Gani yake faɗin haka gori ne, ko rauni. Alhali a hannunsa shago da jari da takardar haya suke, kuma in shi ne ya kwanta, matarsa ce za ta fuskanci 'yan'uwansa a kan yaron da wataƙila ba jininta ba ne. Ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu a Mile 12 da Abbatuwa (mayankar Agege) da Alaba Rago suna da shugabanni da sakatarori, suna tara kuɗi in gobara ta tashi ko an kama wani. Ina kira gare su, da limaman masallatan unguwanni, su buɗe littafi na masu riƙon marayu da 'ya'yan dangi: sunan yaro da na mahaifinsa, garinsu, lambar wani daga danginsa, da wanda mariƙin ya amince ya tsaya wa yaron in ciwo ya kayar da shi. Liman ya ware rana ɗaya a wata ya zauna da mai rubutu da shaidu biyu bayan La'asar, duk mai son rubuta wasiyya ko tabbatar da kyauta ya zo a yi masa, a ba shi kwafi ɗaya, a ajiye ɗaya a masallaci.